Kada Ka Kalle Ni

Sau uku Auta ta maimaita masa a waya da safiyar Asabar ɗin, har sai da ya fara dariya.

"Ba dariya na ce ka yi ba, Dogo. Na ce kada ka kalle ni. Ko da wutsiyar ido. Ka ɗauka ba ka taɓa ganina ba a duniya."

"To ranki ya daɗe, in na zo ajiye miki faranti fa? Rufe ido zan yi?"

"Ka kalli farantin. Ka kalli bango. Ka kalli duk inda ka ga dama, ban da ni. Ba ka san Baba ba ne. Shekara talatin yana hedimasta, daga bakin ƙofar aji yake gane yaron da ya ɓoye takarda a safa."

"Na ji. Ba zan kalle ki ba."

"Ka rantse."

"Wallahi ba zan kalle ki ba."

Ta ajiye wayar tana murmushi, tana jin duk unguwar babu mai dabararta. Da ta san abin da rantsuwar nan za ta jawo mata kafin rana ta faɗi, da ta sake kiransa ta ce ya yi kaffara kawai.

Wata huɗu ke nan da Mama ta tari Baba da maganar, cewa akwai wani yaro mai gidan abinci da ke son Auta, ita ma tana son sa. Baba bai ma bari ta kai aya ba.

"Mai me? Girki? Namiji da gemunsa ya rasa sana'a sai tsayuwa a kan tukunya? Kada ma ki gaya mini sunansa, ba na son sani."

Shi a ransa ya riga ya gama zaɓi. Mai Kemis na bakin titi yake so, tsohon ɗalibinsa, wanda ke auna masa jini duk mako yana gaishe shi har ƙasa. Baba ba ya yi wa 'ya'yansa dole, wannan kowa ya shaida. Sai dai yana da wata irin hanyar cewa "ki dai yi tunani" wadda ta fi dolen nauyi.

Auta ta yi kuka har ta gaji, sannan ta share hawayenta ta koma lissafin yawon Asabar.

Tun da Baba ya yi ritaya likita ya ce masa ya riƙa tafiya a ƙasa, shi kuwa ba ya yin abu babu tsari. Duk Asabar bayan la'asar sai ya tattara iyalinsa su zaga unguwa, su shiga shagunan da ba su taɓa shiga ba, su ƙare a wurin cin abinci. Yana da ɗan littafi a aljihun gaba da jan biro, kowane wuri sai ya ba shi maki bisa goma kamar ana jarrabawa. Wanda ya fi kowa har yau shi ne wani dattijo mai gyaran takalmi, da bakwai. Wani gidan abinci mai fitilu kala-kala kuwa da biyu ya tashi, saboda sai da Mama ta ce a cire albasa a farantin Auta, wadda tun tana ƙarama albasa ke feso mata ƙuraje a wuya, amma aka kawo shi da albasa tuli guda.

Dokar yawon ita ce kowa da makon da zai zaɓi hanya. Wannan makon na Auta ne. Abin da take so bai da yawa: Baba ya ci abincin Dogo bai san nasa ba ne, ya ga tsabtarsa da ladabinsa, ya rubuta maki da hannunsa. Daga baya a ce masa ai shi ne. Ta san ubanta, ba ya soke abin da jan bironsa ya rubuta.

Mama kaɗai ta san shirin, ita ce kuma ta fara zamewa.

"Ni ba da ni ba," ta ce tana shafa gwiwa. "Ƙafata ke ciwo yau. In ta yi kyau na taya ki murna, in ta fashe ban san komai ba."

Suna shirin fita sai ga sallamar Gwaggo, ƙanwar Baba, ita da 'yarta tilo da ta laƙaba wa Zinariya.

"Ah, mun yi sa'a! Yaya, yau da mu za a yi yawon nan naka da ake ta ba mu labari."

Auta ba ta so haka ba. Ba wai ba ta son Zinariya ba ne, tare suka tashi, shekara ɗaya ce tsakaninsu, har kaya suna musanya. Amma ba ta taɓa gaya mata zancen Dogo ba, don duk abin da ya shiga kunnen Zinariya kafin magariba ya isa wurin Gwaggo, abin da Gwaggo ta ji kuwa kamar an yi shela ne. Ga shi Gwaggo ta ɗaga hankalinta a kan auren 'yar nan tata, duk namijin da ya wuce da takalmi mai kyau sai ta bi shi da ido.

Haka suka fita su huɗu, Baba a gaba da sandarsa.

Suka fara da shagon mai turare, inda Gwaggo ta sa aka buɗe kwalba goma sha ta fito ba ta sayi ko ɗaya ba. Baba ya ba mutumin shida saboda haƙurinsa. Suka leƙa wurin masu sayar da tsirrai a tukwane, suka tsaya a shagon littattafai da ƙura ta cinye rabinsa, huɗu ya samu. Auta dai jikinta ne kawai ke tare da su.

Abin da ba ta sa a lissafinta ba shi ne, kemis ɗin yana daura da gidan abincin Dogo, titi ne kawai ya raba su. Baba kuwa ba zai wuce ɗalibinsa ba.

Mai Kemis ya fito da farin gilashinsa yana washe baki. Ya durƙusa wa Baba, ya gaida Gwaggo, sannan ya juyo ya kafe Auta da ido kamar ya ga takardar likita mai wuyar karantawa.

"Ƙanwata, kin yi wuyar gani. Ga wannan, man shafawa ne mai kyau, jiya aka kawo."

Ta noƙe hannu. Baba ya yi gyaran murya.

"Karɓi mana, ki yi godiya."

Ta karɓi ledar da yatsa biyu, ta yi godiyar da ita kanta ba ta ji ba. Ta ɗaga kai ta dubi tsallaken titi, sai ta ga labulen tagar gidan abincin yana komawa mazauninsa.

"Baba, can nake so mu ci yau," ta ce tana nuni.

Wurin ƙarami ne, tebur shida, bango fari tas. Akwai famfon wanke hannu a gefen ƙofa da sabulu da tawul busasshe. An yanka wata doguwar taga tsakanin ɗakin cin abinci da kicin, duk wanda ya zauna yana hango tukwanen a jere suna ƙyalli. Baba bai zauna ba sai da ya shafa ƙarƙashin tebur da yatsa ya duba. Ya ɗaga kofin gilashi ya haska shi a fitila. Auta ta ga girarsa ta ɗan motsa, ta san an fara da kyau.

Sai ga Dogo ya fito, da farar riga da ɗan ƙyallen girki ɗaure a ƙugu, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofar kicin. Ya russuna ya gaida Baba da hannu biyu, ya gaida Gwaggo.

Ya wuce Auta kamar kujera ce.

A ranta ta ce, madalla. Haka aka yi da shi.

"Me za a kawo, ranka ya daɗe?"

Gwaggo ta karɓe zancen tun kafin Baba ya buɗe baki.

"Kada mu wahalar da kai, ɗana. Shinkafa da kaza, da ɗan salak a gefe, iri ɗaya duk mu huɗun."

Mama ce mai cewa a cire albasa, Mama kuwa tana gida tana jinyar ƙafar da babu abin da ya same ta. Ita Auta a lokacin ko sunanta aka tambaye ta sai ta yi tunani.

Matsalar ta fara ne da Baba ya shiga yi wa Dogo tambayoyi. Kowa ya san yaro mai tarbiyya ba ya ƙura wa dattijo ido yana magana. Gwaggo kuwa ta riga ta zuba masa nata idanun kamar za ta auna tsawonsa, ba ta kalluwa. Auta an yi rantsuwa a kanta. Mutum huɗu ne a teburin, sai ya rage saura ɗaya.

Idon Dogo ya sauka a kan Zinariya, ya kuma zauna a can.

"A ina ka koyi girki, samari?"

"A gida na fara, Baba. Mahaifiyarmu ta yi shekara shida a kwance, ni ne babba, ƙannena huɗu. In ban ɗora tukunya ba babu mai ɗorawa. Da Allah Ya ba ta lafiya sai na ga hannuna ya riga ya saba, na je na koya sosai."

Duk wannan labarin da Auta ta sani kamar tafin hannunta, wanda ranar da ya fara ba ta shi sai da ta yi hawaye, yau ga shi yana zuba shi a fuskar Zinariya. Ita kuma ta tallafe haɓa, ta karkatar da kai, idanunta sun yi raurau.

"Allah sarki," in ji Zinariya a hankali. "Allah Ya yi maka albarka."

"Amin, malama. Na gode."

Malama! Auta ta gyara zama, ta ƙara gyarawa. Ta ture cokali ya faɗi ƙasa da ƙara, ita kanta ba za ta iya rantsewa cewa kuskure ne ba. Dogo ya sunkuya ya ɗauke shi, ya kawo wani ya ajiye a gabanta, idonsa na kan bango.

Ita ta ce ya kalli bango. Ta sani. Amma ai akwai yadda ake kallon bango mutum ya gane ana fama ne. Wannan ko alamar wahala babu a fuskarsa.

Abinci ya iso yana turiri. Baba ya kai loma ɗaya, ya dakata, ya kai ta biyu. Gwaggo ta shiga santi babu ko kunya. Auta ta kasa kai komai bakinta, sai juya cokali take a cikin shinkafar, ko ganin abin da ke farantin ba ta yi. Idonta na kan tagar kicin, inda Dogo ke kai da kawowa.

"Don Allah me ka sa a kazar nan?" Zinariya ta ɗaga murya ta tambaye shi. "Ni ma ina ɗan taɓa girki, amma ban taɓa jin irin wannan ba."

Ya dawo bakin teburin. Ya yi dariya yana sosa ƙeya.

Nan ne ran Auta ya gama ɓaci. Wannan dariyar mai sosa ƙeya tata ce. Ita ya fara yi wa ranar da ruwan sama ya koro ta cikin shagon nan, ita yake yi wa duk lokacin da ta yabe shi. Ba ta taɓa tunanin yana da ita a ajiye yana raba wa duk wadda ta tambayi sirrin kaza ba.

"Sirrin gida ne, malama. Amma in kin dawo wata rana sai in nuna miki."

In kin dawo. Auta ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi. Ta dubi Zinariya, wadda ta kwana da ita a gado ɗaya ya fi sau ɗari, yau sai ta ga ashe hancinta ya cika tsawo, dariyarta ma ta cika ƙara. Ko mayafin da ke kanta na Auta ne, aro ta yi tun watan jiya ba ta dawo da shi ba.

"Auta, ba kya ci?" in ji Baba.

"Ina ci, Baba."

Ya dubi farantinta, ya ɗan jima yana dubansa, sannan ya ci gaba da cin nasa.

Da suka kusa gamawa Dogo ya fito da ɗan ƙaramin faranti. Kek ne na kwakwa, yanka ɗaya, irin wanda ba ya sayarwa, wanda yake yi wa Auta ita kaɗai in ta yi fushi. Ya tsaya da shi a hannu na ɗan lokaci kamar wanda ya manta hanya.

"Wannan kyautar gida ce," ya ce.

Ya ajiye shi a tsakiyar tebur. Sai dai tsakiyar ta fi kusa da Zinariya, Gwaggo kuwa ta ƙarasa tura shi gabanta da yatsa ɗaya.

"Ci mana, ai ke aka kawo wa."

Auta tana kallo Zinariya ta cinye kek ɗinta tas, har da tattara ɓurɓushin.

Baba ya goge hannu, ya zaro littafinsa, ya cire murfin jan biro. Ya yi rubutu, sannan ya juyo da shafin don kowa ya gani, abin da bai taɓa yi ba.

Goma bisa goma.

Wannan shi ne abin da Auta ta yi wata huɗu tana roƙon Allah. Ga shi ya zo, amma ko ɗigon daɗi ba ta ji ba.

"Kin gani ko?" Baba ya juyo gare ta yana nuna kicin da biron. "Wannan shi ake kira sana'a. Yaron da ya riƙe uwarsa shekara shida. Da irin wannan kika kawo mini, ba wancan naki da ko sunansa ban nema ba, da ban ce uffan ba."

Bakinta ya buɗe. Kalma uku ce kawai: "Baba, shi ne." Ta ja numfashi za ta faɗa.

"Yaya," Gwaggo ta riga ta, ta matso da kujera tana magana ƙasa-ƙasa, irin ƙasa-ƙasan da ake ji har teburin baya. "Kai ma ka ga abin da na gani ko? Tun da muka zauna yaron nan bai ɗauke ido daga kan Zinariya ba. Ko sau ɗaya bai kalli wani wuri ba. Har da kek!"

"Kai, Umma!" Zinariya ta rufe fuska da mayafin aro, tana murmushi ta ƙasa.

"Na gani," in ji Baba.

"To ni dai ba ni da wanda zai shige mini gaba sai kai, tun da ubanta ya rasu. Ka bincika mana asalinsa. Ka yi mini alkawari, Yaya."

Baba ya mayar da murfin biro a hankali.

"Zan yi magana da shi kafin mu tafi. Wannan na yi miki alkawari."

Auta ta miƙe tsaye har kujerarta na neman kifewa.

"Zan wanke hannu."

Ba ta nufi famfon bakin ƙofa ba. Ta bi ɗan lungun da ke kaiwa bayan kicin, hanyar da ƙafarta ta sani ko a duhu. Ta same shi a ɗakin ajiya, tsakanin buhunan shinkafa da kwandunan tumatir, ya jingina da bango yana share gumi.

Yana ganin ta ya juyar da kai gefe.

"Au, har yanzu ba ka gama ba?" ta ce, hawayen da ta riƙe tun ɗazu suka ɓalle. "Kalle ni, Dogo!"

"Na rantse."

"Na warware! Kalle ni na ce!"

Ya juyo. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Yaya aka yi? Maki nawa ya ba ni?"

"Goma ya ba ka. Ya haɗa maka da mata. Ina taya ka murna, angon Zinariya."

"Wace ce Zinariya?"

"Kada ka raina mini hankali! Wadda ka yi awa guda kana kallo kamar an ɗaura maka ita a ido. Malama. Malamar da za ta dawo ka nuna mata sirrin kaza. Ni shekara guda ina tambayarka, ka ce sai na shigo gidanka. Ita daga zuwa ɗaya!"

"Auta, ke fa kika ce..."

"Na ce ka kalli bango! Ita bango ce? Na ce ka yi mata dariya kana sosa ƙeya? Na ce ka ba ta kek ɗina?"

"A gabanki zan ajiye shi? A gaban Baba? Tun asuba na tashi na yi shi, na kawo, na rasa inda zan sa. Kin san abin da na ji da na ga wata tana ci?"

"Ba ka ji komai ba. Ko gezau ba ka yi ba. Wanda ke son mutum ba zai iya awa guda bai kalle shi ba, ko da rantsuwa goma ya yi. Na zauna ina jira ka karya ta, ko sau ɗaya, ko da kuskure. Ashe abin bai ma yi maka wuya ba."

Ya yi wata 'yar dariya mai ɗaci, wannan karon babu sosa ƙeya.

"To ke fa? Da idona na gan ki ta taga kina karɓar leda a hannun Mai Kemis. A ƙofar shagona, Auta. Ga ta can kin ajiye a kan teburina, tun ɗazu nake zagaye ta kamar wuta. Me ya ba ki?"

"Baba ne ya ce in karɓa!"

"Ni ma ke kika ce kada in kalla."

Sai kukanta ya ƙaru. Ta zauna a kan buhun shinkafa ta kifa kai a gwiwa.

"Ba ka gane ba ne. Gwaggo ta roƙe shi, ya yi mata alkawari a gabana. Baba ba ya sauya magana. Yanzu zai kira ka. Zinariya tana can tana murmushi, marainiya ce, duk dangi tausayinta suke ji. In na buɗe baki za a ce na yi wa 'yar uwata ƙwace. In na yi shiru kuma ina ji ina gani..." Ta ɗago jajayen idanunta. "Ka gaya mini gaskiya. Ta fi ni kyau ko?"

"Wallahi ko kalar kayanta ban sani ba."

"Ƙarya kake! Mayafina ne ma a kanta!"

"To shi ya sa. Ni mayafin nake kallo. Shi kika yafa ranar da ruwa ya koro ki."

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, sai suka ji ƙarar sanda a kan siminti. Ƙwas. Ƙwas.

Baba ne tsaye a bakin ƙofar ɗakin ajiyar. Sandarsa a hannun hagu, a hannun dama kuwa faranti ne, farantin Auta, shinkafar na nan yadda aka kawo ta sai dai an yamutsa ta da cokali.

Auta ta zabura ta miƙe. Dogo ya zube ƙasa.

Baba bai dubi 'yarsa ba. Ya miƙa farantin gaban Dogo.

"Samari, na yi wa ƙanwata alkawarin zan yi magana da kai, ga shi na zo. Tambaya ɗaya ce. Faranti huɗu aka ce ka kawo iri ɗaya. Uku sun zo da albasa a salak, da albasa a kan kaza. Wannan ko ƙwaya babu, na duba har ƙasa. Babu wanda ya ce maka komai, ina zaune." Ya ɗan dakata. "Wa ya gaya maka 'yata ba ta cin albasa?"

Auta ta dubi farantin, sai yanzu ta gan shi. Tumatir da kokwamba an yanka su sirara yadda take so, kazar ma daban aka soya ta. Awa guda yana gabanta tana juya shi, tana cewa an manta da ita.

"Baba..." Dogo ya fara.

"Tun da ka ajiye shi na gane. Yaron da ya ƙi kallon gefe ɗaya na aji gaba ɗaya, a gefen nan takardar take." Baba ya ajiye farantin a kan buhu. "Goman da na rubuta ba zan soke ta ba, abincinka ya ci. Amma ku biyun nan kun zaunar da ni kun yi mini wasa da hankali, kun kuma sa yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ta ɗora ranta a kan abin da ba nata ba. Kai, gobe bayan la'asar ka same ni a gida. Ban ce na ba ka ba."

Sannan ya juyo ga Auta. Ba ta taɓa ganin idonsa haka ba, babu faɗa a ciki, kuma da faɗan ne da ya fi mata sauƙi.

"Ke kuma share fuskarki. Ga gwaggonki can har ta fara lissafin mutanen da za ta gayyata. Ni ba zan gaya musu ba. Ke kika zaɓi hanyar yau, ke za ki ƙarasa ta da bakinki."

Ya matsa gefe ya ba ta hanya.

Auta ta fito daga lungun. Daga can teburin Zinariya ta hango ta, fuskarta fal annuri, ta ɗago hannu tana yafito ta da sauri.

"Auta, zo mana! Ina kika shige? Zo ki zauna kusa da ni, ke zan fara gaya wa abin da ke raina."